Nasiha Ga Malamai Da Fatake A Kan Awon Ido

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya yi wa ɗan Adam baiwar gani. Bayan haka, wannan nasiha ce zuwa ga ma'abuta allo da alƙalami, da ma'abuta mudu da sikeli, domin dukansu da ido su ke neman abinci. Abin da a ke kira gare shi kuwa shi ne, duk wanda ya kai shekara 40 ya riƙa kai idonsa ga likitan ido a auna, sau ɗaya a shekara ko a shekara biyu, ko da ba ya jin ciwon kome.

Mai karatu zai ce, lafiyayye me ya kai shi asibiti? Amsa ita ce, akwai cutar da ba ta sallama. Likitoci na kiranta gilakoma, jama'a na ce mata hawan jinin ido. Ruwan da ke cikin ido yana da magudana. In ta toshe sai ya matse jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, ta riƙa mutuwa kaɗan kaɗan. Galibi ba zafi, ba ja, ba hawaye. Ta kan fara daga gefen gani, kamar yadda gara ke fara cin littafi daga hashiya, mai littafi yana karanta matani bai sani ba. Ran da ta iso tsakiya, aiki ya gama, gama jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Amma in an gane ta da wuri, maganin ɗigawa ko aikin likita na iya tsare abin da ya rage.

An yi babban bincike a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, aka auna idon mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Aka sami kamar mutum 4 cikin 100 makafi ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar nan abin da a ke iya hanawa ne ko a warkar. Kamar mutum 5 cikin 100 na da gilakoma, amma cikin masu ita waɗanda suka san suna da ita ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ta kan bi dangi, saboda haka wanda aka same ta ga mahaifinsa ko ɗan'uwansa, shi ya fi kowa bukatar awo.

Ga inda malamai da fatake ke ruɗuwa. In mutum ya haura arba'in, wasali da ɗigo su kan fara gauraye masa, sai ya nisanta takarda kafin ya karanta. Wannan halin girma ne. Sai ya shiga kasuwa ya gwada tabarau har ya sami wanda ya yi masa daidai, ya koma gida yana murna. Tabarau ba laifi ba ne, amma mai sayar da shi ba ya auna matsin ido, ba ya leƙa jijiya. Karatu ya gyaru, cuta kuwa tana nan tana ɓarna. Haka nan maganin ɗigawa da a ke saye ba da izinin likita ba: akwai irin da ke kwantar da ja da ƙaiƙayi, amma in an daɗe a kansa shi da kansa ya kan ta da matsin ido.

Sa'an nan ga yana, wadda binciken nan ya nuna ita ce kan gaba, watau kusan kashi 43 cikin 100 na makanta. Har yanzu akwai masu yawo ƙauyuka suna tura ta cikin ido da tsinke. Binciken ya sami kusan uku cikin huɗu na idanun da aka yi wa haka a makance su ke. Tun wajen shekara 1000 Miladiyya, Ammar ɗan Ali mutumin Mausil, wanda ya yi aiki a Masar, ya ƙago allura mai rami don tsotse yana ta fito waje. Likitan yau kuwa cire ta ya ke yi, ya sa ƙwayar gilashin roba a gurbinta, sau da yawa mutum ya wayi gari yana gani.

Amfanin awo bai tsaya ga ido kaɗai ba. Tun 1851 da wani masanin Jamus, Helmholtz, ya bayyana madubin leƙa cikin ido, likita na iya ganin ƙananan hanyoyin jini a fili ba tare da yanka ba. A nan ya kan ga alamar ciwon sukari ko hawan jini ga wanda bai taɓa sanin yana da su ba, ya tura shi neman magani tun ba su taɓa ƙoda ko zuciya ba. Wanda ya riga ya san yana da ciwon sukari, lalle a leƙa idonsa kowace shekara.

Wani zai ce shi ya dogara ga Allah. Madalla da dogara, amma malamai sun fi kowa sanin riƙon sababi ba ya warware tawakkali. Manomi ma sai ya yi shuka ya ke jiran damina. Wani zai ce kuɗi da nisa. Gaskiya ne, likitocin ido ba su wadaci ƙauyuka ba, hakki ne a kan hukuma ta kusanto da su. Amma falke ya san lissafi: ya auna kuɗin mota da na kati, ya auna da rumfar da za a rufe, da yaron da za a cire daga makaranta ya zama ɗan jagora. Asibitin ido na ECWA yana Kano tun 1943, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, manyan asibitocin gwamnati kuma suna da sashen ido. Mai zuwa ya tafi da ɗan rakiya, domin maganin buɗe ƙwayar ido ya kan dushe gani na 'yan sa'o'i.

Malami kuma ya lura da almajiransa. Yaron da ke manna allo a fuska, ko mai harara-garke, ko wanda aka ga fari a ƙwayar idonsa, a gaya wa iyayensa su kai shi da gaggawa, kada a ɗauke shi daƙiƙi a bi shi da dorina. Maganar malami ta fi shelar hukuma shiga kunne, in ya fara kai kansa unguwa za ta bi.

Allah Ya tsare idanun bayinSa, Ya sa a dace. Wassalamu.