Ba Kowace Damuwa Ce Sammu Ba

Yau laifinmu zan faɗa, mu marubuta. A littattafaina, duk inda amarya ta daina cin abinci ta wuni tana kuka, sai in ce kishiya ce ta yi mata sammu. Haka kasuwa ke so, haka nake rubutawa.

Sai ga abin ya shigo gidanmu a Zuru. Ƙanwata ta haihu, bayan suna ta daina magana, ba ta son ɗaukar jaririn, tana cewa gara ta mutu. Wata biyar muna hayaƙi muna zargin mutane, kafin wata ma'aikaciyar jinya ta ce mu kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato. Likita ya ce ciwon damuwa ne, wato baƙin cikin da ya wuce mako 2 yana hana ci da barci da aiki. Ya ce akwai wani iri mai hawa da sauka: kwanaki ana surutu da ɓarnar kuɗi ba barci, sannan a faɗa ƙunci. Shi maganinsa daban.

Aka ba ta ƙwayoyi, aka ce sai bayan makonni za su fara aiki, kuma kada ta daina sha don ta ji sauƙi. Yau tana goye da ɗanta tana sana'arta.

A 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, ta maye gurbin ta 1958. Doka ta canja, saura alƙalaminmu. Mai karatu yakan yarda da mu, kada mu hana shi zuwa asibiti. Allah ya sa mu gyara.