Tuddan Wurno Sun Ishe Mu Filin Gudu

Kowace shekara idan lokacin gasar gidaje ya zo, akan rubuta gudun fanfalaki cikin jerin wasanni. Amma me yaranmu suke yi? Kewaya filin ƙwallo kawai. Mai gudun mita 5,000 zai zagaya sau goma sha biyu da rabi, yana kallon bangon ɗakin cin abinci, har kansa ya fara juyawa. Kafin a kai zagaye na shida 'yan kallo sun koma hira. Ni a ganina lokaci ya yi da za a fitar da wannan gudu waje, a shata masa hanyoyi a tuddan da Allah ya ajiye mana a gabashin Sakkwato, ta cikin garuruwan da muke karanta sunayensu a darasin tarihi.

A ƙasar Italiya akwai wani tsere da ake kira Passatore, wanda aka fara a 1973. Tsawonsa kilomita 100 ne. Ana tashi daga birnin Florence, a haye duwatsu har a kai tsayin fiye da mita 900, sa'an nan a gangara zuwa garin Faenza, yawancin masu gudun kuwa cikin dare suke ƙarasawa. Hanyar tana ratsa tsofaffin garuruwa, har da wani mai suna Marradi, wanda in ka ji shi sai ka ce Maraɗin maƙwabtanmu ne. Mutanen garuruwan sukan fito bakin hanya suna miƙa ruwa da abinci. Abin da ya sa baƙi suke zuwa daga nesa shi ne hanyar kanta: hawa, gangara, da garuruwa masu labari. To, wanne ne cikin ukun nan babu a wurinmu?

A ɗauki Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai zaɓi wurin nan a banza ba. Ribaɗi ya kafa, wato garin tsaron iyaka, a kan tudun da yake kallon fadamar gulbin Rima, domin a hango duk mai tahowa daga wajen Gobir. A nan ya zauna, a nan ya rasu a 1837, hubbarensa kuma yana nan har yau. Ɗansa Aliyu Babba shi ma ya yi zamansa a Wurno, a zamaninsa ne Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya sauka garin a 1853. Malami zai iya maimaita wa aji kalmar ribaɗi sau ashirin, su rubuta a jarrabawa, su manta. Amma yaron da ya tashi daga gonakin albasa da tafarnuwa a fadama, ya hau tudun nan da ƙafarsa yana haki, ya juyo ya ga kwarin duka a shimfiɗe ƙarƙashinsa, ba sai an sake gaya masa dalilin gina gari a can ba. Cinyoyinsa sun riga sun gaya masa abin da mayaƙi zai sha kafin ya isa ganuwa.

Hawan kuma shi ne horon da filinmu ba ya bayarwa. Gudu a tudu yana tilasta wa mutum ya gajarta taki, ya ɗaga gwiwa, ya yi aiki da hannuwa, zuciya da huhu su saba da wahala. Gangara tana koya masa riƙe jiki a kan tsakuwa. Ba mamaki yawancin masu dogon gudu na Nijeriya daga Jihar Filato suke fitowa, musamman wajen Pankshin. Tseren Okpekpe na Jihar Edo, wanda aka fara a 2013, kilomita 10 ne kacal, tuddansa ne suka yi masa suna har 'yan Kenya da Habasha suke zuwa. Namu tuddan ba su kai na Filato ba, amma sun fi filin ƙwallo nesa ba kusa ba.

Raba tana bakin gulbin Sakkwato, kuma can ne mahaifar Sardauna, Sir Ahmadu Bello, wanda ya dawo ya riƙe ta a matsayin hakimi a 1934. Hanyar da za ta bi gefen gulbi ta shiga gari za ta dace da ƙananan aji.

Goronyo ce ta fi ba ni sha'awa. Kowa ya san madatsar ruwanta, wadda aka kammala a 1984, bangonta ya kai kilomita 12 da rabi. Abin da kaɗan suka sani shi ne tuddan ƙasar Goronyo sun taɓa zama ƙarƙashin teku. Wajen 1970 wasu masana daga Italiya suka zo suka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, dangin ƙadangare, wadda aka ƙiyasta ta rayu fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce. A 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Masu nazarin duwatsu ma suna kiran wasu shimfiɗun dutse na yankin da sunayen Taloka, Dukamaje da Wurno. Mutanen Italiya sun bar nasu tuddan sun zo sun durƙusa a namu, ɗalibinmu kuwa zai gama aji shida bai taɓa ɗaukar dutse ɗaya daga can ya juya shi a hannu ba. Malamin labarin ƙasa da malamin wasanni ya kamata su haɗa kai a kan wannan.

Na san abin da iyaye za su fara faɗa, kuma suna da gaskiya. Gabashin Sakkwato ya sha wuya a hannun 'yan bindiga. A 2018 an kai hari Tabanni a ƙasar Raba, a watan Oktoba na 2021 kuma an kashe mutane fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Ƙauyukan Wurno ma ba su tsira ba. Babu malamin da yake cikin hankalinsa da zai saki 'ya'yan mutane a daji don neman kofi. Saboda haka ba ina cewa a yi gudu daga wannan gari zuwa wancan ba. Ina maganar gajeren zagaye ne, kilomita 3 ga ƙanana, 5 ga manya, wanda ba zai ɓace wa gari da gani ba, da malami a kowace kwana, da mota a baya. Ba za a tafi ba sai hakimi da jami'an tsaro sun amince, in kuma suka ce a dakata, a dakata ko da an riga an dafa abinci. A fara da Wurno. Na Raba da na Goronyo a zana su a takarda, a auna, a ajiye har ranar da hanya za ta yi kyau. Abin da nake ƙi shi ne mu mai da zaman cikin shinge al'ada, har yaran da aka haifa a ƙasar nan su tashi ba su san ta ba sai ta labarin hare-hare.

Akwai kuma ladabin baƙunta. Mu Kirista ne, garuruwan nan na Musulmi ne, hubbare kuma wuri ne mai girma a wurinsu. Hanyar gudu ba za ta bi ta ƙofarsa ba. A gama tsere a wajen gari, a wanke fuska, a sa tufafin kirki, sa'an nan a nemi izini a shiga kallo a natse. Kada a sa ranar Juma'a, ko ranar kasuwa, ko cikin watan azumi. 'Yan mata su yi gudu da dogon wando da riga mai hannu, ba wanda zai rasa matsayi saboda haka. A kuma gayyaci makarantun gwamnati na garin su shiga. Ina zaton yaran da suka saba hawa tudun nan da tulun ruwa za su ba 'yan wasanmu kunya a shekarar farko, hakan kuwa zai yi mana amfani.

Batun zafi mai sauƙi ne. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan wuce 40, ba mai gudu a lokacin. Disamba da Janairu ne lokacinsa, cikin hunturu, a tashi da zarar gari ya waye, a gama kafin hantsi, da randar ruwa a tsakiyar hanya. Masu ciwon asma da masu sikila su riƙe agogo da littafin sunaye.

Kuɗin da ake bukata bai wuce na mota da ruwa da akwatin magani ba. Sai takalmi. Yaranmu suna son ambaton Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun marato na Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi, cikin sa'a 2 da minti 15. Gaskiya ne, amma shi a kan titi ya yi gudunsa, ba cikin ƙarangiya da tsakuwar marmara ba. Ina roƙon kwamitin wasanni da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai su tara takalman kambas tun zangon farko, a ajiye a ɗakin kaya, duk yaron da ba shi da nasa ya ara.