RA'AYI: Kada kibod ya kori tulu daga majami'un karkarar Musawa

Duk wanda ya taɓa halartar sujadar Lahadi a wata majami'ar ƙauye a ƙasar Musawa, ko Kafur, ko Malumfashi, ya san yadda wuri ke ɗaukar harama idan Zumuntar Mata suka miƙe. Wata ta rungumi tulu tana bugawa, wata na kaɗa caki, jagora ta ba da waƙa, sauran su amsa. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba za ta rera labarin Yusufu da 'yan'uwansa tun daga rijiya har fadar Fir'auna.

A damina da ta wuce na je wata ƙaramar majami'a a wajen garin Musawa. Matasa sun yi karo-karo sun sayi kibod da lasifika biyu da janareta. Sun rera waƙoƙi huɗu, uku da Turanci. Dattawa na zaune suna kallo kamar baƙi. Ana cikin haka man janareta ya ƙare, wuri ya yi tsit, sai da wata uwa ta ɗauko tulu daga lungu sannan aka ci gaba da yabo.

Wannan ne ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a yi wa tufkar hanci.

Kiristocin wannan yanki Hausawa ne gaba da baya, akasarinsu jikokin Maguzawa, manoman dawa da masara da auduga. Da Hausa bishara ta same su. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka rawa a ciki. Cocin ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, da Littafin Waƙoƙi na Hausa ta rayu a ƙauyuka. A 2023 kuma aka kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe, ya jagorance shi.

Sai dai da yawa daga waƙoƙin wancan littafi fassara ce daga Turanci, an ɗora kalmomin Hausa a kan karin Turawa. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere, don haka wani lokaci karin kan murɗe kalma. Ga shi kuma masu bi na farko sun guji garaya da goge saboda alaƙarsu da bori. Mata ne suka cike wannan giɓi. Suka ɗauki salon waƙar daka da niƙa, na bayarwa da amsawa, suka zuba masa labaran Littafi Mai Tsarki. Yawancin waɗannan waƙoƙi a ka suke, ba a rubuta su ba.

Abin da ke ka kuwa yana tafiya da mai shi. Matsalar 'yan bindiga ta tarwatsa ƙauyuka da dama a kudancin Katsina, ba ta bar Musulmi ba, ba ta bar Kirista ba. A watan Mayun 2021 an kai hari cocin Katolika a Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello. Idan ƙauye ya watse, masu bayarwa na Funtuwa, masu amshi na Kano, waƙar ta mutu ke nan.

Matasa za su ce zamani riga ne, kuma suna da gaskiya. Zabura ta 150 ma ta lissafa kayan kiɗa iri-iri na yabon Ubangiji, ba ta ware ɗaya ba. Mawaƙa irin su Panam Percy Paul da Solomon Lange sun nuna cewa Hausa na zama daram a kan jita da kibod. Matsalar ita ce yabon da rabin masu sujada ba su san abin da ake faɗa ba. Yaya mutum zai ce amin ga abin da bai ji ba?

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita tana naɗar murya. A sujadar godiya ta kakar bana, kowace majami'a ta sa matashi ɗaya ya naɗi waƙoƙin Zumuntar Mata, ya rubuta kalmomin a littafi tare da sunan wadda ta ƙirƙira. Fastoci da katikis su tattara su a matakin gunduma. Masu kibod su zauna da iyaye mata su koyi karin, su bi shi da kiɗansu maimakon su danne shi. A kuma rage ƙarar lasifika, don muryar jama'a ta fito, maƙwabta ma su sarara.

Iyayen da suka san waɗannan waƙoƙi suna nan da ransu, amma shekaru na ja. A fara a wannan Lahadin.