Ruwan da Ya Ci Daɓe da Dillalin da Bai Yi Bayani Ba



Duk wanda ya ga abin da ya auka wa Maiduguri a watan Satumba na shekarar 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ba zai zargi magidancin da ya ɗauki wani abu daga guminsa ya yi wa gidansa inshora ba, balle kuwa yanzu da aka sami takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara kafa kamfaninsa a Sudan a 1979, kuma Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta fitar masa da ƙa'idoji a Nijeriya a 2013. Kukana a yau yana kan dillalin da ke karɓar kuɗin talaka da fara'a, ya miƙa masa takarda mai shafuka da yawa cikin Turancin lauyoyi, ya tafi ba tare da ya warware masa sharaɗi ko ɗaya ba.

Magidanci zai wayi gari ya tarar tayil ɗin falonsa ya ɗago a tsakiya, ya ƙwanƙwasa shi da makulli ya ji yana amsawa fanko, ya ɗaga ledar ɗakin uwargida ya iske daɓen ya yi baƙi yana warin danshi, farin gishiri kuma ya hau gindin bango. Nan take zai kira mai gyara, a fasa, a kwashe ɓaraguzai, a kai bola, domin haka hankali ya ba shi, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ya zubar shi ne hujjarsa. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa kawo bayyina yana wuyan mai da'awa, kamfanin inshora ma a kan wannan yake tafiya, don haka wajibi ne a tsayar da ruwan, a ɗauki hoto, a sanar da kamfani a rubuce cikin wa'adin da takarda ta yanka, a ajiye fasasshen bututu da rasiɗin kowane gyara har mai kimanta ɓarna ya zo ya gani da idonsa. Wa ya kamata ya faɗi wannan tun ranar ƙulla yarjejeniya? Dillali. Amma dillali bai yi bayani ba.

Bai kuma bayyana masa cewa a wurin kamfani ruwa iri-iri ne ba, alhali kuwa a nan ne mafi yawan jayayya take. Bututun da ya fashe farat ɗaya cikin dare, galibi ana biyan diyyar ɓarnarsa. Yoyon da ya yi watanni yana tsiyaya a ƙarƙashin daɓe, sai a ce sakacin mai gida ne. Ambaliya kuwa, idan takardar ta gobara ce kaɗai ba a ƙara mata sharaɗin ambaliya ba, to mai gida ba shi da abin karɓa. Mutum ya shekara yana zaton an tsare shi daga ruwa, sai ranar musiba ya ji cewa ruwansa ba ya cikin lissafi. Wannan jahiltar abin da aka saya ita ce gararin da shari'a ta hana a ciniki, kuma rubuta kalmar takaful a saman takarda ba ya kankare shi matuƙar mai saye bai fahimci abin da ya sa wa hannu ba.

A nan dole in tsaya a kan masu aikin famfo, domin suna da kaso a wannan alhaki. Yaya za a yi mutum ya karɓi kuɗin bututu mai kauri, ya sayo siriri mai arha, ya shafa masa gam sama-sama, ya binne shi cikin siminti ba tare da ya saki ruwa ya gwada ko yana ɗiga ba, sannan a shimfiɗa tayil na dubban ɗaruruwan naira a kai? Aikin da ido ba ya gani shi ne ma'aunin amanar mai sana'a, kuma ha'incin da aka binne a ƙarƙashin daɓe, mai gida ne zai biya shi sau biyu, sau ɗaya ga mai gyara, sau ɗaya kuma ranar da mai kimanta ɓarna zai rubuta cewa yoyon tsoho ne.

Sai kuma batun ƙima. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin siminti da tayil suka hau, amma takardun mutane da yawa suna nan a kan tsohon farashi. A ce gida ya kai naira miliyan 20, an rubuta miliyan 10, ruwa ya ci na miliyan 2. Abin da za a biya miliyan 1 ne, tunda rabin ƙimar gidan kawai aka rubuta, kuma a cikinsa ma a cire kason farko da aka ɗora wa mai gida. Dillalin ya zo karɓar kuɗin sabuntawa, ya san da wannan sharaɗi, bai yi bayani ba.

Ina roƙon kamfanoni, don girman Allah, su fassara sharuɗɗan nan zuwa Hausa a shafi guda, su wajabta wa dillalansu karanta shi a gaban mai saye da shaidu. Wanda kuma aka hana shi haƙƙinsa, ya nemi a ba shi dalilin ƙin biya a rubuce, ya haɗa da hotunansa da rasiɗansa, ya kai ƙara sashen sauraron koke na hukumar inshora.