Steam Deck ko ROG Ally? Ku fara tambayar zafin Afrilu

Tun ranar da muka taɓo zancen ƙananan kwamfutocin wasa na hannu a shirinmu, saƙonni ba su tsaya ba. Wannan ya ce Steam Deck, wancan ya ce ROG Ally, wani kuma ya turo mana bidiyon Bature yana gwada su cikin ɗaki mai kilim. To mu dai gardamar nan ta ishe mu, don ta aro ce. Mai bidiyon bai taɓa zama fada a Yantala da ƙarfe biyu na rana ba.

Kamfanin Valve, mai Steam Deck, shi da kansa ya faɗa a 2022 cewa na'urar ta fi aiki daidai tsakanin digiri 0 zuwa 35. Talatin da biyar fa! A Yamai, Afrilu da Mayu, wuce 40 ba labari ba ne. In cikinta ya ɗau zafi sai ta rage gudu, in ya ƙaru ta kashe kanta. ROG Ally ta kamfanin ASUS, da ta fito a 2023, ta fi ta ƙarfi, ba musu. Amma ƙarfin nan zafi yake haifarwa, har ASUS ya amsa cewa zafi na iya lalata wurin sa katin memuwa na samfurin farko. A can ma ke nan, inda ake sa rigar sanyi. Ga kuma ƙurar hunturu da fankar ciki za ta riƙa zuƙa. Me ya sa masu tallar su a Facebook ba su faɗin wannan?

Sai batiri. Steam Deck ta farko da Ally ta farko girman batirinsu ɗaya. Da wasa mai nauyi, awa biyu sai an yi sa'a, Ally kuwa in aka sake mata linzami ko haka ba ta kaiwa. Wanda ya ga yadda muka kwana cikin duhu a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran, ya san ba a gina lissafi bisa caji. Ally X ta 2024 ta ninka batirin, kuɗinta ma ya hau. Legion Go ta Lenovo, allo babba, nauyi sama da giram 800. Hannu zai gaya muku sauran.

Amma ga inda abin ya fi ɓata mana rai. Yaranmu, in ka tambaye su, ƙwallo suke so. To EA Sports FC, wadda muka saba kira FIFA, ba ta tashi a tsarin da Steam Deck ke zuwa da shi, saboda manhajar hana maguɗi ta kamfanin wasan. Fortnite ma haka. Sai an ɗora mata Windows, aikin da ba kowa zai iya ba. Yaro ya yi shekara yana tara kuɗin kabu-kabu, ya biya abin da farashinsa na farko a Amurka dala 399 ne, wato sama da jika 200 tun kafin sufuri da duwan da ribar ɗan kasuwa, ya zo gida ya tarar wasan da ya saye ta dominsa ba ya buɗewa. Wa zai mayar masa da kuɗinsa? Valve ba ya sayar da ita kai tsaye a Nijar, garanti kuwa sai dai a baki.

Ba mu ma taɓo intanet ba. Wasa guda na iya wuce giga 100. Ku lissafa forfe nawa ke nan.

Shi ya sa muke cewa, ko da za a yi mana dariya, tsohuwar Nintendo Switch ta 2017 ta fi dacewa da yawancinmu. Hotonta bai kai nasu ba, ita ma ba ta son zafi, kasetocinta da tsada. Amma ba ta da nauyi, ba ta cin wuta sosai, wasanni da yawa kana sa kaset ka fara, ƙwallon ma akwai. Wanda ke da sola a gida da aljihu mai nauyi, ya sayi Ally X, Allah ya sa albarka.

Ku kuma masu sayarwa, abu ɗaya muke nema. Kafin ku karɓi kuɗin yaro, ku kunna masa na'urar nan cikin shagonku, da rana, ba kilim, ku sa masa wasan da ya ambata, a bar ta minti talatin.