Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Roni da Kansilolinta



Ranka ya daɗe Shugaba, da ku iyayenmu da yayyenmu kansiloli. Tambaya guda ce ta sa na ɗauki alƙalami: idan masifa ta faɗa wa wani ƙauye a ƙasar Roni da ƙarfe biyun dare, wa za a kira, da me zai zo, kuma wa zai zaunar da shi washegari ya ji yadda aka yi?

Wata damina da ta wuce, cikin watan Agusta, ruwa ya kwana yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Bangon ɗakin maƙwabcinmu ya sha ruwa har ya zauna a kan yara biyu. Da idona na ga maza suna tono da fartanya da hannu, wani na haska musu da fitilar waya, mata na ta salati a tsakar gida. Allah ya sa aka fito da su da rai. Amma mun daɗe muna kai-kawo kafin mu samu abin hawa, a ƙarshe a kan babur aka ɗauki ƙaramin, an ɗaure masa hannu da ɗankwalin uwarsa. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa a daren nan. Lambar wanda za mu kira ce ba mu da ita.

Ba wanda ya manta da Majiya ta ƙaramar hukumar Taura. Daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kife, jama'a suka taru suna kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, aka cika asibitocin Ringim da Haɗeja da masu ƙuna. Abin da yake ci min rai shi ne tazarar da ke tsakanin kifewar motar da tashin wutar. A wannan ɗan lokacin ne ake buƙatar mutanen gari da aka riga aka horar, waɗanda jama'a suka sani kuma suke jin maganarsu, su kori kowa daga wurin. Agajin Dutse ko na Abuja, komai saurinsa, ba zai riski irin wannan lokaci ba.

Na san wasu za su ce mu muna nesa da kogin Haɗeja, ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Haɗeja ba irin tamu ba ce. Haka ne. Tamu ita ce gidajen ƙasa masu zubewa, da kwalbatin da ruwa ke yankewa ya raba ƙauye da asibiti, da gobarar hunturu mai lashe rumbuna, da sanƙarau lokacin zafi, da amai da gudawa idan rijiyoyi suka gurɓata. Duk mun san lokacin kowace, ba baƙi ba ne. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, NIHSA kuma tana bayyana wuraren da ake tsoron ambaliya. Roƙona shi ne wannan labari ya sauko daga takarda ya isa kunnen manomi a Amaryawa da Zugai da Gora, ta bakin dagaci da mai unguwa da lasifikar masallacin Juma'a.

Ranka ya daɗe, tsarin hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ya tanadi kwamitin agajin gaggawa a matakin ƙaramar hukuma. Ina roƙon namu ya kasance mai rai, da rubutaccen shiri cikin Hausa wanda za a liƙa a kowace mazaɓa: sunan mutum, lambar wayarsa, motar da aka ware da inda man ta yake, makarantar da za a tsugunar da mutane, asibitin da za a fara nufa. A sa ma'aikatan lafiya a ciki, da 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam, da 'yan sintiri, da mata, domin su ne a gida lokacin da bango ke faɗuwa. A kuma gwada shirin sau ɗaya kafin ruwan farko, a ga ko wayar na shiga, ko motar na tashi. A zauna da Kazaure da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura a yi yarjejeniyar aron mota da ma'aikata tun ana zaune lafiya.

Ku kuma kansiloli, nauyin da ya fi girma yana wuyanku. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, talaka ya ƙara zuba muku ido. Ku ne kuke amincewa da kasafi, don haka ku nemi a ware wa agajin gaggawa kaso bayyananne, ku riƙa tambayar nawa aka kashe, a kan me. Duk lokacin da wani abu ya faru, ku kira jami'an da abin ya shafa gaban majalisa, ƙofa a buɗe: ƙarfe nawa aka sanar da ku, ƙarfe nawa kuka isa, me ya tsayar da ku? Idan hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ta aiko da shinkafa da kwanon rufi da tabarmi, a karanta sunayen waɗanda suka samu a ƙofar dagaci, gaban jama'a. Bazawarar da ɗakinta ya rushe tana da haƙƙin jin sunanta, ko da ba ta san kowa a sakatariya ba. Wannan bin diddigi ba cin fuskar Shugaba ba ne, kare masa mutunci ne.

Ina roƙon ku sa wannan magana cikin ajandar zamanku na gaba, ku kuma sanar da ranar domin mu zo mu saurara.

Wassalam,
Ɗanku, daga ƙasar Roni.