Buhun da ɗan ƙanwata ya kawo zaure

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure riƙe da wani tsohon buhun taki. Manomi ne, yana da gonar masara da waken soya a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Bakori. Bayan mun gaisa ya kwance bakin buhun, sai ga guntun bututun ƙarfe, da katakon da aka sassaƙa, da wasu ƙananan ƙarafa a ƙunshe cikin tsumma. Ya ce, "Kawu, ɗaya bayan ɗaya na tara su. Saura in kai wa maƙeri ya haɗa mini." Ban tambaye shi abin da za a haɗa ba.

Na yi niyyar yi masa faɗa, amma da ya fara jero dalilansa sai na ga ya cancanci a saurare shi. Na farko lokaci ne. 'Yan bindiga kan shigo a kan babura cikin dare, kafin a samu wanda zai ɗauki waya a ofishin 'yan sanda sun gama abin da ya kawo su, sun nausa daji. Ya tuna mini da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, inda ko kiran ma babu halin yi. Na biyu kuɗi: bindigar bature ta fi ƙarfin aljihun talaka, ta maƙeri kuwa kuɗin 'yan buhunan masara ne, kuma in ta lalace ya san inda zai kai ta. Na uku shi ne wanda ya faɗa da ƙaramar murya, wato mutunci. Ya ce ba zai iya tsayawa hannu rabbana ana tasa ƙeyar matarsa ba.

Dalilinsa na ƙarshe ya fi ɗaure ni, domin daga bakin hukuma ya fito. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili, ba sau ɗaya ba, ya shawarci mutanen Katsina su nemi makami su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'arta su nemi lasisin riƙe bindiga. Wanda duk ya ji shugabanni sun yi wannan magana, bayan ya ga an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, ba za a kira shi mahaukaci ba don ya nufi maƙera. Kuma bindigar toka ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Maharba sun gaje ta, a hawan salla ma da ita ake cika gari da hayaƙi.

Duk da haka ban yarda ya haɗa ba, kuma zan faɗi dalili ko da wasu masu karatu za su ce daga cikin gari nake magana, inda ake barci da ido biyu a rufe.

Kakanninmu da suka raɗa mata suna harbi-ka-ruga ba su yi ƙarya ba. Sau ɗaya take tashi, sannan mai ita ya tsaya ɗuri. Wanda zai fuskanta kuwa yana riƙe da AK-47, wadda gidan harsashinta ke cin 30, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Ga kuma bututun. Ƙarfen da aka yi don wani aiki daban ba a gwada shi da ƙarfin albarushi ba, shi ya sa kusan kowane gari a yankin nan akwai wanda ake nunawa a ce tasa ce ta fashe masa a hannu. Maƙerinmu gwani ne a garma da lauje da fartanya, ba na raina masa. Amma ba shi da abin auna ko ƙarfen zai jure, sai dai ranar da aka danna kunama a sani.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne abin da kan biyo bayan harbin. Har yanzu zukatanmu ba su huce ba daga abin da ya faru a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi a ranar 19 ga Agustan 2025, inda aka buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba, aka kashe gomman bayin Allah. Gwamnatin jiha ta ce ramuwar gayya ce, domin kwanaki kaɗan kafin nan mutanen yankin sun yi wa ɓarayin kwanton ɓauna sun yi musu ɓarna. Allah ya kiyaye in ɗora wa waɗanda aka zalunta laifi. Jarumta suka nuna, kuma alhakin jininsu na wuyan makasansu da waɗanda ya kamata su tsare garin bayan artabun farko. Abin lura dai shi ne, jama'a guda ma da suka haɗa kai suka yi nasara an dawo musu sa'ad da babu mai tsaya musu. To ina ga mutum ɗaya a gidan gona da bindigar da ba a taɓa gwadawa ba?

Sai batun doka, wanda ɗan ƙanwata bai ma sani ba. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko haɗa ta ba tare da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda ba, kuma ko ta toka ce sai da lasisi. Kalaman gwamna ba su goge wannan doka ba. Ma'ana, idan aka tare shi a shingen bincike da buhun nan, maganar da aka yi a gidan rediyo ba za ta fitar da shi ba, kuma ba wuya a rubuta shi cikin masu yi wa ɓarayi safarar makamai. Ko a Amurka, inda riƙe bindiga haƙƙi ne a kundin tsarin mulki kuma ake sayar da sassanta a kwali mutum ya haɗa a gida, hukuma ta wajabta a 2022 a buga wa irin waɗannan sassa lamba a kuma binciki mai saye, kotun ƙolinsu ta tabbatar da hakan a Maris na 2025. Dalilinsu shi ne bindigar da ba ta da lamba ba a iya bin sawunta idan ta yi kisa.

Wannan shi ne tsorona na nesa. Fitinar nan za ta wuce da yardar Allah, amma ƙarfe ba ya ruɓewa da wuri. Bindigar da aka haɗa don ɓarawon daji ita za a tarar a bayan ƙofa ranar rikicin iyakar gona, ko ranar da shanu suka shiga waken wani, ko ranar zaɓe. Mun kuma ga yadda wasu 'yan sa-kai, da babu mai tambayarsu, suka riƙa hukunta Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba a kasuwanni, abin da ya ƙara wa wutar fetur.

Ban ce a naɗe hannu ba. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, da matasa kimanin 1,500 a kashin farko, 'yan asalin garuruwan da abin ya shafa. A ganina ta nan ya kamata ƙarfin matasanmu ya bi: mutum ya samu horo, a san sunansa, a san makamin da ke hannunsa da wanda zai amsa tambaya a kansa. Maƙeran da kowa ya san suna wannan aiki a ɓoye, gara a yi musu rajista a gaban hakimi da 'yan sanda da a bar su suna sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi, manomi ne ko ɗan aiken daji. Rundunar kuma a faɗaɗa ta har ta kai ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da ke bakin daji, ta kwana a can, musamman yanzu da kaka ta ƙarato.

Duk wannan na faɗa wa ɗan ƙanwata, har na yi masa alkawarin raka shi wurin dagacinsu a ga ko za a sa sunansa cikin masu sintiri. Ya saurara cikin ladabi, ya ɗaure bakin buhunsa. Da ya kai ƙofar zaure sai ya juyo ya ce, "Na ji, Kawu. To in sun zo daren yau fa?" Na ce masa ya kwana a nan gidan. Ya ce iyalinsa na can, ya hau babur ɗinsa ya tafi.